Guraben digirin digirgir masu albashi a Turai: ta ina ake farawa?

Ɗan Kalgo:
Assalamu alaikum malamai. Ina da digiri na biyu a injiniyancin lantarki, bincikena kan wutar sola ne. Ana cewa a Turai biyan ɗalibin digirin digirgir ake yi. Gaskiya ne? Ina ake nema, kuma me ya fi kayar da mutanenmu?

Malami daga Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ne. A Jamus da Holan da Suwidin yawancin guraben nan aiki ne: farfesa ya samu kuɗin wani bincike, sai ya tallata gurbi, wanda aka ɗauka ya sa hannu a kwantiragi. A Holan shekara 4 ne. A Jamus matakin albashin shi ake kira TV-L E13. 'Yan injiniyanci sukan samu cikakke, amma a kimiyyar sinadarai da ta halittu sau da yawa kashi 50 zuwa 75 cikin 100 ake biya. Duba shafin intanet na EURAXESS inda ake tallata guraben, na Holan kuma shafin AcademicTransfer.

Abin da ke kayar da mutane shi ne wasiƙa ɗaya da ake rarraba wa wurare ashirin. Farfesa ya riga ya tsara aikinsa, hannu yake nema. Karanta maƙalunsa biyu na baya-bayan nan, ka nuna a shafi ɗaya inda kundinka ya haɗu da su, ka faɗi abin da ka iya a aikace: manhajar lissafi ta MATLAB ce, yaren kwamfuta na Python ne, ko auna batura a ɗakin gwaji. Zafin Kebbi da ƙurar hunturu da ke rage ƙarfin farantan sola ma hujja ce mai kyau, in ka taɓa aunawa.

Hajiya Injiniya:
Ƙari kan bayanin Malam: nemi takardar sakamakon darussanka ta digiri na ɗaya da na biyu tun yanzu. Talla takan rufe cikin makonni kaɗan, fitar takardar kuwa na iya cin watanni. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara 2 yake aiki, kada ka yi gaggawar rubutawa; wasu jami'o'in suna karɓar wasiƙar shaidar cewa da Turanci ka yi karatu, wasu ba sa yi. Kuma ka cire duk maƙalar da ka buga a mujallar nan ta biya-a-buga-maka. Sun san su, tana rage maka daraja ne kawai.

Ɗan Kalgo:
Na gode Hajiya. Ingila fa?

Hajiya Injiniya:
Can ɗalibi ne kai, akwai kuɗin makaranta, kuma na baƙi ya ninka na 'yan ƙasa. Guraben tallafin UKRI, hukumar ba da kuɗin bincike ta Birtaniya, bai wuce kashi 30 cikin 100 ake ware wa baƙi ba. Tabbatar tallar ta ce za ta biya kuɗin baƙo gaba ɗaya. Yawancin fannonin injiniyanci kuma sai da takardar ATAS, wato izinin tantancewar tsaro daga gwamnatin Birtaniya, kafin biza, ita ma tana cin makonni.

Malami daga Gusau:
In kana koyarwa a jami'ar Aliero ko ta Birnin Kebbi, karanta ƙa'idar hutun ƙaro ilimi da yarjejeniyar dawowa aiki kafin ka amsa tayi, don ranar fara aiki a can ba kasafai ake ɗaga ta da nisa ba.