"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": har da wanda aka rushe masa?

Maman Hanan, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa, wata magana ce ta tsaya min a rai tun jiya. Muna dawowa daga asibiti ni da maƙwabciyata sai muka ga wata tsohuwa Bahaushiya zaune ƙarƙashin kubri, wato gadar sama, da ledojinta da 'yar katifa a naɗe, na tsaya muka gaisa, ta ce da a unguwar Karantina ta nan Jidda take, tun rusau ɗin da hukuma ta yi a 2022 take yawo, yau ɗakin wannan gobe na wancan, ran da ba a samu ba kuma nan. Muna barin wajen maƙwabciyar tawa ta ce "ai kowa ya bar gida gida ya bar shi". Wallahi har cikin raina na ji ta. Ni a sanina wanda ya yi nisa ya manta da dangi ake yi wa wannan karin maganar. To ita baiwar Allahn nan wane gida ta bari?

Baba Malam, Shara Mansur:
Wa alaikumus salam 'yata. Yadda kika fahimta haka take. Gidan da ake nufi dangi ne da mutanen da suka san asalinka. Matafiyi ake faɗa wa tun yana ɗaure kaya don kada ya yanke zumunci, shi ya sa za ki ji an bi ta da "zumunta a ƙafa take". Gargaɗi ne kafin tafiya. Wanda ya riga ya faɗi ƙasa ba a yi masa ita.

Abu Sadik, Riyad:
Baba a gafarce ni, amma maƙwabciyar ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Mutum nawa muka sani suka shigo da bizar umara suka zauna shekara ashirin talatin ba iƙama, wato takardar izinin zama, an samu riyal lokacin da ake samu, ko ɗaki ɗaya ba a gina a Kano ko Damagaram ba, ba aike ba waya, sai ran da aka kama mutum aka kai shi Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, jirgi ya sauke shi a gida sannan ya tarar ba wanda ya san fuskarsa. Wannan ba shi ne gida ya bar shi ba? Kuma mu faɗi gaskiya wasu sun mai da bara sana'a, dokar hana bara ta Saudiyya ta 2021 ma ɗaurin da zai kai wata shida ta tanada ko tarar da za ta kai riyal 50,000, baƙo kuma a kore shi.

Maman Hanan, Jidda:
Yaya Abu Sadik na ji, akwai irinsu. Amma wannan tsohuwar a nan aka haife ta fa, kakanninta a ƙafa suka taho ta Sudan suka tsallako teku ta Sawakin don aikin hajji. Kano a baki kawai take jin ta. Gidan da ta sani kenan, shi aka zo aka rubuta wa "ikhla", wato a tashi, da jan fenti a bango.

Ɗan Mai Wurno:
Ku bar ni in sa baki don abin ya shafe ni. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila a 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu Shuɗi a Sudan, mu hijira muke kiran wannan tafiyar kuma muna alfahari da ita. Ni a Wad Madani nake aiki har Disamba 2023 da yaƙi ya shigo garin. Kafin nan yaran da ke kwana a titi shamasa muke ce musu, wato 'ya'yan rana, in ka hango su sai ka dafe aljihu, ni ma na yi haka Allah ya yafe min. To a hanyar gudu na kwana a ajin makarantar firamare, gefena malamin jami'a ne da iyalinsa, dukkanmu a kan kwali. Abincin takiyya, wato girkin sadaka na unguwa, shi ne ya riƙe mu, mutanen unguwa ke haɗa abin da ya samu su dafa adas, wani irin ƙananan wake, a babbar tukunya, su kansu ba su da shi, haihuwar guzuma ɗa kwance uwa kwance, amma ba wanda ya tambaye mu me ya sa kuka bar gida. Tun ranar ban ƙara iya faɗa wa kowa wannan karin maganar ba.

Umman Faisal, Madina:
Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya ɗan'uwa. Ni abin da ya ban mamaki ɗana da ke karatu a Amurka ya turo min hoton tantuna jere a gefen titi a Los Angeles, na ɗauka sansanin gudun hijira ne. Ƙidayar gwamnatinsu ta Janairu 2024 ta samu sama da mutum 770,000 ba matsuguni a faɗin ƙasar, a Yuni na shekarar kuma kotun ƙolinsu ta ce gari na iya hukunta mai kwana a waje. Ya ce da yawansu in sun ga irin wannan mutumin cewa suke shaye-shaye ne ko lalaci, shi ya ja wa kansa. Ashe su ma suna da irin tamu maganar, harshe ne kawai ya bambanta. Amma ya ce a Finland tun 2008 ɗaki suke fara ba mutum ba tare da sharaɗin sai ya gyaru tukuna ba, daga baya a nema masa magani da aiki, kuma adadin ya ragu sosai.

Abu Sadik, Riyad:
Duk da haka mun fi su tausayi Umma, a nan ko a gida da wuya mutum ya kwana da yunwa in ya buɗe baki.

Baba Malam, Shara Mansur:
Abinci kam muna bayarwa ɗana, wurin kwana ne muke ƙyashi. Almajiri zai samu ɗumame a ƙofar gidanmu amma a tasha ko bakin kasuwa zai kwana, kuma lokacin korona a 2020 mun ga yadda aka riƙa loda yaran nan a motoci kowace jiha na mayar wa 'yar uwarta. Alhali a masallacin Manzon Allah (SAW) da ke garinku Umman Faisal, Ahlus Suffa sun bar garuruwansu ba gida ba dukiya, aka ware musu inuwa a cikin masallacin kansa, Abu Huraira ma a cikinsu yake.

Maman Hanan, Jidda:
Na gode Baba. Gobe in sha Allah bayan la'asar zan koma wajenta. Don Allah wanda ya san ribaɗi, wato masaukin sadaka, a unguwar Balad ko wani gidan wakafi da ke karɓar tsofaffin mata ya yi min magana ta gefe, ta ce iƙamarta ta daɗe da mutuwa, kuma ƙafarta ɗaya a kumbure take.