Don Allah me za mu kira white balance da Hausa?

Mai Situdiyo: Salam jama'a. Ranar Asabar zan yi wa yaran shagona darasi da Hausa zalla, sai na maƙale a kan white balance, wato saita kyamara yadda farin abu zai fito fari a hoto ko da wane irin haske aka ɗauka. Gwaji za mu yi da farar shadda a ɗakin biki inda hasken taga da ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa suka haɗu, mu ga wanne ya fi fito da farin yadda yake, katin ruwan toka ko ExpoDisc (ɗan faifan da ake ɗorawa a bakin gilashin kyamara a auna launin haske) ko oto na kyamara. A taimaka.

Ɗan Damagaram: Daidaita fari. Mu nan balans de blan muke ji a bakin masu Faransanci, fassarar ke nan.

Hajiyar Kwalliya: Saitin fari ya fi sauƙi a baki.

Malamin Nahawu: Hajiya saiti ai aro ne. Ni na daɗe ina cewa farantau, daga faranta, wato mayar da abu fari, kamar yadda ake cewa gagarau.

Hajiyar Kwalliya: Malam wallahi ka ce wa yaro ya yi farantau zai ɗauka amarya zai faranta wa rai 😂

Mai Situdiyo: Allah gafarta Malam, ba farantar da hoton ake ba, cire launin hasken ake daga jikinsa. A Kelvin, wato ma'aunin launin haske, ƙwan ɗorawa wajen 3200 yake, hasken rana wajen 5500, inuwa ta wuce 7000, to idan ka saita wa taga sai gefen ƙwai ya koma rawaya, ka saita wa ƙwai gefen taga ya yi shuɗi, shi ya sa katin dole a riƙe shi dab da fuskar mutum ba can gefe ba. Dogon ƙwai kuma kore yake zubawa, wannan Kelvin kaɗai ba ya gyara shi.

Malamin Nahawu: Ka ga har kai "saita" kake cewa. Haka muka bari kyamara da kwamfuta suka zauna mana daram.

Ɗan Damagaram: To Malam littafi da alƙalami fa, daga ina suka zo?

Malamin Nahawu: Wannan Larabci ne ɗan'uwa, daban yake.

Ɗan Damagaram: Aro dai aro ne. Kuma kullum sai abin da Kano ta yarda da shi ne Hausa, mu in mun kawo sai a ce Faransanci ne a ciki.

Hajiyar Kwalliya: Yau kuma, an koma Kano da Damagaram. Mutumin nan Asabar fa ya ce.

Mai Situdiyo: Na ɗauki daidaita fari, kati kuma katin toka. Na rubuta zafin launi a kan Kelvin na goge, don babbar lamba ita ce shuɗi, yara za su rikice, wannan har yanzu ina nema.

Malamin Nahawu: Ba laifi. Amma ka sa farantau ko a ƙasan allo ne.