Jama'a, me za mu kira ajin da ake yi ta Zoom?

Malamar Agege: Assalamu alaikum. A taimaka mini, gobe da safe zan kai takardar talla wurin masu buga takardu a Shomolu. Ina koyar da Hausa ta Zoom tun lokacin korona a 2020, yawanci yaranmu da aka haifa nan Ikko, waɗanda Yarbanci da burokin suka fi zama a bakinsu, sai 'yan kasuwa Yarbawa biyu daga Mile 12. Abin da Turawa ke kira "virtual classroom" nake nema. Iyayen yaran ne za su karanta.

Ɗan Obalende: Wa'alaikumus salam Malama. Ajin intanet. An gama.

Baban Yara: Karatu daga nesa fa?

Malamar Agege: Baba, wannan ya haɗa da wanda ake tura wa darasi a naɗe ya saurara bayan isha'i. Nawa ba haka yake ba. Ina ganinsu suna ganina a lokaci guda. Dole sai haka, don in yaro ya ce "kasa" maimakon "ƙasa", ko "bari" a wurin "ɓari", nan take nake tsayar da shi ya kalli bakina. Yarbawan ma karin sauti ba ya ba su wuya, suna da shi a harshensu, ɓ da ɗ da ƙ ne yaƙin.

Ɗan Obalende: To ajin allo, tunda fuskar waya allo ake ce mata yanzu.

Hajiyar Idi-Araba: Kai yaro, ka rubuta haka ka ga an kawo mata yara da tawada da zuge. Kowa makarantar allo zai ɗauka.

Tsohon Ɗan Jarida: Ku dakata. Kalma na nan a gabanku kuna tsallake ta: AJIN GIZO. Mun riga mun karɓi yanar gizo. Sannan Bahaushe na cewa abu yana yi masa gizo, wato yana ganinsa amma in ya kai hannu babu. Ainihin ma'anar kalmar Turancin ke nan. Gajeriya ce, jam'inta azuzuwan gizo, ba aro ko ɗaya. Wannan "intanet" da kuke liƙa wa komai lalaci ne kawai.

Hajiyar Idi-Araba: Alhaji, da girmanka. Gizo mijin Ƙoƙi? Wanda ake rufe tatsuniya da cewa ba don shi ba da an yi ƙarya? Wane uba ne zai tura kuɗin wata zuwa ajin gizo a garin nan da kowa ke tsoron 'yan damfara?

Tsohon Ɗan Jarida: Haka aka yi wa na'ura mai ƙwaƙwalwa dariya da farko.

Ɗan Obalende: Kuma har yau kwamfuta muke cewa, Baba.

Tsohon Ɗan Jarida: Ku a Ikko. Matsalar ke nan, mutanen da suka tashi da barikanci su ne za su yanke wa harshe hukunci. Irin wannan aiki na masana ne a Jami'ar Bayero, waɗanda suka fitar da ƙamus a 2006, ba na 'yan ci-rani ba.

Baban Yara: Alhaji, a janye wannan. Kakana a Agege aka binne shi, fataucin goro ya kawo shi, kuma har ya rasu bai bar Hausarsa ba. Mu ba 'yan ci-rani ba ne. Sannan maganar aro: allo da alƙalami daga Larabci suke, benci da fensir daga Turanci, agogon hannunka kuwa daga maƙwabtanmu Yarbawa sunansa ya zo. Wanne za ka mayar?

Tsohon Ɗan Jarida: Na Larabci daban ne, sun daɗe.

Hajiyar Idi-Araba: Wato aro in ya tsufa ya zama gado. Kano ma da kuke alfahari da ita, ku shiga Farm Centre ku ji yadda ake cinikin waya.

Ɗan Obalende: Ni dai kar wani ya kawo ajin iska, kar a ce da yaran 'yan ajin iska.

Malamar Agege: Don Allah iyayena, takarda nake da ita gobe, ba Kano da Ikko na zo a raba ba. Ga abin da na rubuta: "Koyon Hausa a ajin intanet, kai tsaye da malama, Asabar da Lahadi, minti 40." Minti 40 ɗin ba zaɓina ba ne, nan Zoom na kyauta ke yankewa.

Baban Yara: "Kai tsaye" ya gyara shi, kowa ya san ta daga rediyo. Ya yi.

Tsohon Ɗan Jarida: Wannan bayani ne, ba suna ba ne. Kalma huɗu a wurin biyu. Aƙalla ki sa yanar gizo a madadin intanet.

Malamar Agege: Ba wuri a layin, Baba. Zan sa a ƙasa da ƙananan baƙi.

Tsohon Ɗan Jarida: Na ji. Ni dai a rubutuna ajin gizo zan ci gaba da sawa. Ki turo lambar shiga, akwai jikokina biyu a Ikorodu.