Kaɗa, jefa ko dangwala? Ku taimaka kafin jibi

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta matasa ta ɗora mini rubuta takardar wayar da kai kan zaɓe, shafi ɗaya. Kuɗin bugawa karo-karo aka yi, wasu har yau ba su ba da nasu ba, ma'aji ya yi tafiya, mai buga takarda kuma ya ce in jibi ta wuce sai bayan mako biyu. Kanun da na sa shi ne "Fito ka dangwala wa wanda kake so." Shugaba ya ce lallai sai "kaɗa ƙuri'a", sakatare ya ce "jefa". An tashi taro baram-baram. Don Allah wanne ne daidai?

Tsohon malamin zaɓe: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba abu ɗaya suke nufi ba. Bi aikin daki-daki. Za ka miƙa katin zaɓe, na'urar BVAS ta tantance ka da yatsa ko da fuska, a duba sunanka a rajista, a shafa maka tawada a gindin farce, sannan a ba ka takardar ƙuri'a mai hatimi da sa hannu da kwanan wata a bayanta. Ka keɓe ka sa yatsa a gurbin da ke gefen alamar jam'iyya: wannan shi ne dangwalawa. Ka naɗe ta, ka saka a akwati: wannan jefawa. Kaɗa ƙuri'a ita ta ƙunshi duka. Wanda ya dangwala bai jefa ba, bai yi zaɓe ba. Shugabanku ya fi ka gaskiya.

Malamar Hausa: Baba, ban ƙi ta taka ba, amma "jefa" ba baƙuwa ba ce. Ƙuri'a daga Larabci muka aro ta, kuma tun kafin akwatin zaɓe ake jefa ƙuri'a a fitar da mai rabo. Sannan "kaɗa" tana da tarko a rubuce. In mai bugawa ba shi da ɗ mai ƙugiya, "kada" za ta fito, kuma da "kada" ake hana mutum abu. Takardar kira ta koma kamar ta hani. Ka sa "jefa", ka huta.

Mai tambaya: Na gode, amma tsofaffi da mata nake nufi, ba masu sauraron labarai ba. Su "dangwala" suka sani.

Tsohon malamin zaɓe: To ai nan matsalar take. Ka ce wa mutum ya dangwala ka yi shiru, sai ya cika yatsa da tawada, ya danna a kan layin da ya raba jam'iyyu biyu, ko ya ninke takardar tawada ba ta bushe ba ta shafi wani gurbin. Wajen ƙirga a ware ta cikin lalatattun ƙuri'u. Ka rubuta: tawada kaɗan, gurbi ɗaya, sau ɗaya, a jira ta sha iska, a naɗe rubutun yana ciki. Ranar zaɓen shugaban ƙasa takardu uku ake bayarwa, akwati uku: a 2023 ja na shugaban ƙasa, baƙi na sanata, kore na ɗan majalisar wakilai.

Ɗan kasuwa: Ni duk wanda ya ce mini "dangwala" sai na ji kamar ejan ne yake raɗa mini a layi. Kalmar 'yan kamfen ce, "dangwala mana sak". Su ne masu sayen ƙuri'a da taliya da sabulu, bayan rantsuwa ko wayarka ba sa ɗagawa. Ka ce "fito ka yi zaɓe" kawai.

Malamar Hausa: "Zaɓe" ta yi faɗi, Alhaji. Fid da gwani ma zaɓe ne, ko da 'yar tinƙe aka yi, wato ƙato bayan ƙato, inda babu takarda balle akwati.

Tsohon malamin zaɓe: Kuma ka saka lokaci. A 2023 ana buɗe rumfa 8:30 na safe, wanda ya shiga layi kafin 2:30 na rana sai ya kaɗa tasa. Ka gargaɗe su kan aringizo: Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce in ƙuri'u suka haura adadin waɗanda aka tantance, a soke sakamakon rumfar. Batun ƙugiya kuma aikin mai bugawa ne, ba laifin kalma ba.

Mai tambaya: Baba, shafi ɗaya ne fa, kuma rabinsa hoto. Duk wannan ba zai shiga ba. Kanun nawa ma an riga an zana shi. In na bar "dangwala" a sama, na sa "kaɗa" a ƙasa da ƙananan baƙaƙe fa?

Ɗan kasuwa: Wane hoto kuma? Kada dai na ɗan takara ne?