Sauke iyalan da suka rasa matsuguni: a ina ikilisiya ta fi tuntuɓe?

Sakataren ikilisiya: Salama gare ku. Ambaliya ta cinye gidaje a bayan majami'armu, majalisar dattawa ta yarda mu sauke iyalai tara, Kirista da Musulmi. Waɗanda suka san wannan hidima, me ya fi ɓata ta?

Maman Zumunta: Ɗana, mako na uku. A makon farko kowa na aiko da kwano, a na biyu ya ragu, a na uku sai ka tarar gida biyu ne ke ɗauke da kowa, tsegumi ya fara. Ba banza 1 Bitrus 4:9 ta haɗa karɓar baƙi da barin gunaguni ba. Ku haɗa kowane iyali da gidaje uku: ɗaya ya ba da ɗaki, ɗaya hatsi, ɗaya itace da sabulu da kuɗin niƙa. Dafaffen abinci kuwa kada ya wuce kwana uku. Daga nan a ba su tsaba da tukunya da murhu. Mace in tana girkinta hankalinta ya fi kwanciya, kuma yawancin rigimar masauki a kan murhu take tashi. Mudun shinkafa kan ishi manya kamar goma, gwargwadon mudun garinku.

Ma'aikacin lafiya: Mama ta gama da ciki, saura ruwa. Ƙa'idar masu aikin agaji lita 15 ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da wanka. Iyali mai mutum shida ke nan jarka huɗu ta lita 25. Masai ɗaya kada ya wuce mutum 20, na mata daban, kuma a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30. Bayan ambaliya rijiyoyi sun gurɓace, a tafasa na sha. Yaro ya fara gudawa: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, sannan a kai shi asibiti. Gidan sauro masu ciki da ƙanana ake fara ba.

Dattijo daga Yola: A 2014, da Mubi ta faɗi hannun Boko Haram, dubban mutane sun kwarara majami'ar St Theresa a Yola. Darasin lokacin shi ne rajista. Wanda ba a rubuta sunansa ba, mai ƙarfin baki ke cinye rabonsa, gwauraye da tsofaffi su kwana da yunwa. Abin da ya faru ke nan a Ayyukan Manzanni sura 6, har aka zaɓi mutum bakwai. Mabuɗin rumbu a hannun mutum biyu, ba fasto a ciki. A rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, a karanta ranar Lahadi. Ku kai wa mai unguwa sunayen tun daren farko.

Malamar Sande Sukul: Baba, a ƙara da maganar maƙwabtanmu Musulmi. A ajiye musu buta da tabarma mai tsabta da wurin salla, nama kuma Musulmi ya yanka. Kada a ɗaura taimako da zuwa sujada. Wanda ya ga buhun masara na da sharaɗi ba zai sake yarda da ku ba. 'Yan mata su kwana ɗakin mata, ko da gidan dattijon ikilisiya ne.

Maman Zumunta: Haka ne, 'yata. Na manta abu ɗaya: ku faɗa wa masu masauki wa'adi tun farko, kamar mako shida, sannan a sake zama. Wanda bai san ranar sauke kaya ba shi ke fara ɗaure fuska.

Sakataren ikilisiya: Na gode, Mama. Gidaje 27 ke nan za mu nema, mu kuwa ba mu kai haka ba. Za mu tuntuɓi ikilisiyar da ke ƙetaren titi su ɗauki hatsin.