Yaya zan bayyana wa Kawu abin da nake ji a cikin taro?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shekarata 27, a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Gana, aka haife ni, kuma ina gyaran waya a wani ɗan shago kusa da kasuwar Kejetia. Wata huɗu ke nan da likita ya tabbatar mini cewa ina da otizim, wanda wasu suke kira galahanga, bayan na yi shekaru ana kirana mai girman kai, wasu kuma suna cewa iska ce ta shafe ni tun ina goye. Makon jiya aka yi sunan jikan Kawuna, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. An kafa lasifika biyu a ƙarƙashin rumfa, mata suna guɗa, hayaƙin suya ya haɗu da turaren wuta, sai na ji kamar ana zuba mini tsakuwa a ƙoƙon kai, na sulale na zauna a bayan masallaci har azahar. Kawu ya ce na ba shi kunya a gaban baƙi, da na ambaci sunan abin kuwa sai ya ce ciwon Turawa ne na ɗauko a intanet. Wata mai zuwa za a aurar da 'yarsa. Ku da kuke da wannan hali, da wace magana kuka fahimtar da naku?

'Yar Nima:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ni ma ina da shi, kuma sai da na kai shekara 31 aka gane. Kuskuren da na fara yi shi ne irin naka, wato na sa sunan a gaba, alhali suna ba ya nuna wa mutum komai idan bai taɓa jin abin a jikinsa ba. Abin da na faɗa wa mahaifiyata daga baya shi ne, kunnen kowa yana da mai gadi a ƙofa, wanda yake barin muryar mai magana ta shiga ya tare sauran, ni kuwa ƙofata a buɗe take. Ƙarar fanka, da yaron motar haya ta trotro yana kiran fasinja a titi, da cokali yana bugun kwano, da muryarta ita kanta, duka suna shigowa da ƙarfi ɗaya. Ba ta gamsu ba sai da na kunna rediyo, na ajiye shi tsakanin tasha biyu yana shuu, na ƙure murya, sannan na roƙe ta ta lissafa mini cinikinta na ranar. Sau uku tana farawa tana ɓacewa, sai ta miƙa hannu ta kashe rediyon. Na ce mata ni ba ni da wurin kashewa.

Akwai kuma gajiyar da ba a gani. Gaisuwarmu ba ta ba ni wahala, domin tana da tsari, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, na haddace ta kamar karatun allo. Inda nake tuntuɓe shi ne habaici da zaurance da maganar da ake nufin wata da ita. Ina yarinya wata gwaggona ta ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada, na tambaye ta ina kadan yake, aka yi ta dariya har yau ana tuna mini. Yanzu na iya, amma kowace jimla sai na juya ta a kai kafin in amsa, kamar mai canjin kuɗi yana lissafin sidi da sefa. Idan na wuni a haka, ina komawa gida magana takan ɗauke mini na awa ɗaya ko biyu, kuma sai da na zaunar da maigidana na bayyana masa kafin ya daina ɗaukar shirun a matsayin gaba.

Malamin Asawase:

Ina koyar da yara masu buƙata ta musamman, don haka zan taɓa batun ciwon Turawa. Gaskiya ne a Amurka likita Leo Kanner ya siffanta shi a rubuce a 1943, daga yara 11 da ya lura da su, amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi a faɗin duniya, kuma Zango ba a wajen duniya yake ba. A nan Gana ma wata uwa, Serwah Quaynor, ta buɗe cibiyar kula da irin waɗannan yara a Accra tun 1998 saboda ɗanta.

Sai dai ina jan hankalinka kada ka ari bakin wani gaba ɗaya. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Amurka, ta shahara da cewa da hotuna take tunani, har mutane suka ɗauka duk mai otizim haka yake, ita kanta kuwa daga baya ta bayyana cewa wasu da kalmomi suke tunani, wasu da tsari da lissafi. Tsakuwar da ka ambata taka ce, kuma ta fi duk abin da za ka karanto. A 2012 wani masani a Ingila, Damian Milton, wanda shi ma yana da otizim, ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce: yadda kake kasa karanta fuskar Kawu, haka shi ma yake kasa karanta taka. Saboda haka ka tambaye shi me ya gani a ranar, domin wataƙila abin da ya gani shi ne bayanka kana tafiya ba sallama.

Hajiyar Sabon Zango:

Ɗana, na karanta duka, kuma ban yarda a ce magana mai daɗi kaɗai za ta wadatar ba. Nawa yaron shekararsa 11, bai taɓa furta jimla ba. Bayaninsa shi ne ya toshe kunne da tafin hannu, ko ya kama wuyan hannuna ya ja ni zuwa ƙofa, kuma na daɗe ina tsawata masa kafin in gane cewa magana yake yi. Kai da kake da baki, abin da za ka fuskanta daban ne, za a ce ai kana sana'a, kana wuni kusa da kasuwa, to wane ciwo ke nan. Ka shirya amsar wannan tun yanzu.

Sannan Kawu babba ne, ba a zuwa masa da bayani kafin ban haƙuri. Ka samu limaminku ko wani aminin mahaifinka ya raka ka bayan isha'i, lokacin da gida ya yi tsit, ka durƙusa ka nemi gafarar fitar da ka yi ba sallama, tukuna ka faɗi dalili. Sa'arka ɗaya, a wajenmu sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne, ba wanda zai ce sai ka kalle shi cikin ido. Kuma kada ka tsaya a faɗin abin da ba ka iyawa, ka nemi aikin da za ka riƙe a bikin, kamar rabon goro a ƙofa ko kai baƙi masauki, inda lasifika ba ta kai ba.

Ɗan Aboabo:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, amsar tambayarki ita ce shagona a lungu yake, ina toshe kunne da auduga, kuma idona yana kan waya ɗaya a lokaci ɗaya, amma ban taɓa tunanin faɗa wa Kawu haka ba sai yanzu. Na yi magana da Liman, ya ce mu je daren Alhamis. Akwai tsohon rediyo a shago, zan tafi da shi, sai dai Yaya ta Nima, ina so in san ko kin nemi izinin Mama kafin ki ƙure muryar, domin Kawu yana da hawan jini.