Mene ne wannan "brain rot" da yara ke ta faɗa?

Yayar Gida, Gusau:
Salamu alaikum. Don Allah masana, samarin unguwa sun ɗauko wata kalma, wai "brain rot". Wanda ya kwana yana kallon TikTok sai a ce ita ta kama shi. Cuta ce ta gaske? Yaya ake raba ɗan shekara 15 da ita?

Malamin Turanci, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba sunan cuta ba ne, babu likitan da zai rubuta miki shi a kati. Ma'anarta ruɓewar ƙwaƙwalwa, kuma abu biyu suke nufi: shirmen bidiyon kansa, da dusashewar kai bayan an ɗauki awanni ana kallonsa. Kalmar ma tsohuwa ce, marubucin Amurka Henry David Thoreau ya yi amfani da ita tun 1854. Masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta kalmar shekara a 2024, bayan amfani da ita ya ƙaru da kashi 230 cikin ɗari tsakanin 2023 da 2024. A 2025 kuma aka shigo da dabbobin da ƙirƙirarriyar basira ke zanawa, irin kifin nan mai sanye da takalmi, Tralalero Tralala, su ma ana kiransu brain rot. Yawanci da zolaya yaran ke faɗar kalmar, har da kansu suke yi wa.

Mai Gyaran Waya, Kaura Namoda:
Yaya, a fara da awo kafin faɗa. A Tecno ko Infinix, shiga Settings, nemi Digital Wellbeing, za ki ga mintocin da kowace manhaja ta ci. Nan ake sa mata iyaka, a ce minti 45, sai ta rufe sai tsakar dare.

Inda ake faɗuwa: wannan iyakar ba ta da lambar sirri, yaro na cire ta da kansa. Sai an haɗa wayarsa da taki ta Family Link, manhajar Google ta iyaye masu kula da wayar yara. TikTok ma tun 2023 ya sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana, amma yaron ne ke shigar da lambar ci gaba, in kuma ya yi ƙaryar shekaru wajen buɗe asusu, iyakar ba ta hau kansa ba sam. Ki yi Family Pairing, wato haɗa asusunsa na TikTok da naki, lambar ta dawo hannunki. Ki duba ko ya sauke TikTok Lite ko yana shiga ta Chrome, ta nan suke zillewa.

Malamar Islamiyya, Argungu:
Ƙari kaɗan. TikTok na lura da tsawon tsayuwar mutum a kan kowane bidiyo, ko bai danna komai ba, sai ta ƙaro irinsa. A danne shirmen da yatsa a zaɓi Not interested, a kashe Autoplay, mai kunna bidiyo na gaba da kansa, a YouTube. Bayan Isha'i wayar ta kwana a ɗakin iyaye, don kallon dare ne ke cinye barci har a makara Asuba. Ƙwacewa gaba ɗaya ban ga amfaninta ba, wayar aboki na nan a majalisa.